Jinyar Inna: hanyar da muka bi da ciwon mantuwa a Katsina

Innarmu ta daɗe tana riƙe adashin matan unguwarmu a cikin birnin Katsina. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, ba ta rubuta sunan kowa a takarda, amma ta san wadda ta yi zubi, ta san wadda ta ce sai Laraba, ta san wadda ta ci bashi a kan kwasarta. Shi ya sa da lissafin ya fara kwaɓewa a 2021, matan suka yi ta zargin junansu kafin wani ya kawo a ransa cewa daga wurinta ne. Aka sauke mata nauyin cikin mutunci, aka ce girma ne ya kama, a lokacin ta haura saba'in. Daga nan abin ya shigo cikin gida. Ta tambaye ka ko ka dawo daga aiki, ka amsa, kafin ka cire takalmi ta sake tambaya. Ta sa gishiri a miya, ta koma ta ƙara. Ta sallame sallar azahar, ta ninke darduma, ta sake ɗaukar buta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne maganar sata. Kusan kullum sai ta fito tsakar gida tana cewa, "Wa ya shigar mani ɗaki? An ɗauke mani kuɗi." Kuma da yake matata ce ke share ɗakin, ita ke kai mata abinci, a kanta zargin ya sauka. Wanda ya san zaman uwar miji da suruka ya san inda irin wannan magana take kaiwa idan ta fita waje.

Dangi suka kasu. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce ta shafe ta, wasu kuma suka fara kallon matata da wani ido. An yi ruƙiyya, an yi rubutu, an yi tofi, kuma har yau ba mu daina addu'a ba. Abin da nake ƙyama shi ne masu zuwa da jerin kayan haɗi da farashi, waɗanda ke cewa an binne wani abu a ƙofar ɗaki, sai an ba da tunkiya kafin a tone. Limamin masallacinmu ne ma, Allah ya saka mashi, ya ja ni gefe bayan isha'i ya ce Alƙur'ani da kansa ya ambaci wanda ake mayar da shi mafi ƙasƙancin shekaru har ya rasa sanin abin da ya sani a da, yana cikin Suratun Nahli da Suratul Hajji, don haka mu daina neman wanda ya yi mata, mu kai ta asibiti. Abin da ya wanke matata kuwa canjin kuɗi ne. A watan Janairun 2023, da wa'adin tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 ya ƙarato, ni da yayata muka zazzage ɗakin Inna don kada wani abu ya ƙone mata. Muka samu kuɗi a cikin kwalla, a rigar filo, a ƙulle a bakin tsohon zane, har a cikin buhun gero. Duk abin da aka ce an sace yana nan. Ita ke ɓoyewa don tsoron ɓarawo, ta manta ta ɓoye, sai rashin ganinsu ya tabbatar mata da ɓarawon.

Mun fara da ƙaramin asibitin unguwa. Aka auna jininta aka ga ya hau sosai, aka yi gwajin maleriya, aka ba da magani, maganar mantuwa kuma aka ce tsufa ne. Wata 'yar'uwar matata da ke aikin nas ita ta nuna mana ƙofa: mu nemi takardar tura mara lafiya, mu tafi babban asibitin gwamnati, mu fara da sashen da ake ganin kowa da kowa, su ne za su tura mu gaba. Kada mu ɓata lokaci muna yawo a farfajiya muna tambayar ina likitan mantuwa yake, babu ɗaki mai wannan suna.

Ranar farko ranar layi ce. Mun fita bayan sallar asuba, duk da haka mun tarar da mutane. Layin yankar kati daban, layin biyan kuɗi daban, sannan ka dawo da rasit a buɗe fayil, sannan a kai fayil wurin nas-nas masu awon jini da nauyi, sannan ka zauna a benci har a kira suna. Lokacin kuma ana tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi, tiransifa na tafiya ba ta isa, mai POS na cire nasa kaso. A lokacin kati da fayil ba su da tsada, 'yan dubbai ne, wahalar tana cikin zirga-zirgar. Wanda zai kai tsoho mai irin wannan lalura kada ya tafi shi kaɗai. Dole mutum ɗaya ya zauna da ita, ɗaya ya bi layi, domin da zarar ta ga ba fuskar da ta sani za ta miƙe ta kama hanya. A tafi da ruwa, da ɗan abin taɓawa, da zanen canji, da dukkan magungunan da take sha a cikin leda ɗaya, har da na gargajiya.

Da muka shiga wurin likita sai Inna ta zama wata daban. Ta gaishe shi tsaf, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, ta sa mashi albarka. Ya ce, "Hajiya, mi ke damunki?" Ta ce, "Lafiyata lau ɗana, yaran nan ne dai da neman magana, sai ɗan ciwon gwiwa." Gaisuwa da ladabi suna cikin abubuwan da ke daɗewa ba su goge ba, don haka wanda ya gan ta na minti biyar zai rantse ƙalau take. Ni kuma ba zan iya buɗe baki a gaban mahaifiyata in ce tana zargin mutane da sata ko ta fara kasa riƙe fitsari ba. Nas ɗin nan ta riga ta gargaɗe mu, shi ya sa na zo da takarda: yaushe abin ya fara, me ya fara lalacewa, me take iya yi da kanta, me ta daina, yaya barcinta, ta taɓa faɗuwa, ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Na miƙa mashi shiru, ya karanta, yanayin tambayoyinsa ya canza nan take. Ya rubuta gwaje-gwajen jini: yawan jini, suga, aikin ƙoda da hanta, aikin maƙoƙon wuya, sinadarin B12, har da gwajin HIV da tunjere. Waɗannan biyun na ƙarshe sun sa yayata ta ɓata rai, amma ya yi bayani cewa akwai cututtukan da ke kwaikwayon ciwon mantuwa kuma suna da magani, dole a kawar da su tukuna. Wasu gwaje-gwajen an yi a cikin asibiti, wasu sai a ɗakin gwaji na kuɗi a waje. Gaba ɗaya sun ci mana sama da naira dubu 30 a kuɗin wancan lokaci.

Da sakamako ya fito ba wani abin a zo a gani, sai ya tura mu sashen likitocin ƙwaƙwalwa da halayya. A nan aka yi rigimar gida ta farko. Babban wanmu ya ce shi ba za a kai uwarsa wurin mahaukata ba, me za a ce a gari, yana da 'ya'ya mata da za su yi aure. Gaskiyar magana ita ce a ƙasar nan waɗannan likitoci, tare da likitocin jijiya, su ne suka fi ganin masu ciwon mantuwa. Likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi zalla ba su da yawa. Cibiyar farko ta kula da lafiyar tsofaffi a Najeriya sai a 2012 aka buɗe ta, a asibitin koyarwa na Ibadan. Mu a nan arewa maso yamma, bayan abin da ke Katsina, akwai asibitin koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da na Kware a Sakkwato. Ba kwantar da ita za a yi ba, ba ɗaure ta za a yi ba, ganin likita ne a koma gida. Da ƙyar dai ya yarda, da sharaɗin kada a faɗa wa kowa. Ranar ganin likita a wannan sashe ba kullum ba ce, an ba mu rana nan da wasu makonni, kuma idan ka kuskure ta sai an sake ba ka wata.

Wannan zaman ya ɗauki lokaci, kuma shi ne ya fi taɓa ni. Likitar mace ce, Bahaushiya, ta zauna kusa da Inna ba a bayan tebur ba. Da ta ji ba ta yi boko ba sai ta ajiye takardar da ke buƙatar rubutu da lissafi ta ɗauko wata. Ta karanta mata kalmomi goma ta ce ta riƙe. Ta ce ta lissafa sunayen dabbobi iya yadda za ta iya cikin minti ɗaya. Matar da ta yi kiwon awaki da tumaki da kaji da zabi duk rayuwarta ta ce akuya, saniya, ta yi shiru, ta sake cewa akuya. Aka jera tsinken ashana huɗu a wani fasali aka ce ta kwaikwaya, ta tattara su ta miƙa wa likita ta ce a adana, ashana ta yi tsada. Aka tambaye ta wace rana ce yau, ta juyo ta kalle ni. Aka ce wane ne Sarkin Katsina, ta amsa da ƙarfinta, "Usman Nagogo." Nagogo ya rasu tun 1981, ɗansa Muhammadu Kabir ya yi sarauta har 2008, jikansa Abdulmumini ne a kan karaga. Da aka dawo kan kalmomi goman nan, ko ɗaya ba ta kawo ba, ba ta ma tuna an karanta mata wani abu ba. Ina zaune ina jin kamar in amsa mata, likita ta ɗaga mani hannu.

Aka tura mu hoton ƙwaƙwalwa, wanda ake kira siti sikan. Ya ci naira dubu 50 da ɗoriya. Hoton kansa 'yan mintuna ne, aikin yana wurin sa ta ta kwanta ba motsi a cikin na'urar da ba ta taɓa gani ba. A cire ɗankunne da sarƙa tun daga gida, a nemi lokacin safe, domin da yamma ta fi rikicewa, a kuma tafi da wanda ta fi yarda da shi. A karɓi fim ɗin da rubutaccen rahoton duka, a ɗauke su a waya. Da muka koma, likita ta nuna mana inda ƙwaƙwalwar ta motse da kuma tabon ƙananan jijiyoyin jini da suka toshe, aikin hawan jinin da ya yi shekaru ba a kula da shi ba. Ta ce alamu sun nuna nau'i biyu na ciwon mantuwa ne suka haɗu: cutar Alzheimer, wadda ke ɗauke da sunan likitan Jamus da ya fara bayaninta a 1906, kuma ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan lalura, da kuma wanda lalacewar jijiyoyin jini ke kawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Ba ta ɓoye mana komai ba: ba ya warkewa, gaba zai riƙa yi, abin da za a iya shi ne a rage mashi gudu a kuma sauƙaƙa zaman. Ta rubuta maganin mantuwa mai suna donefezil, miligiram 5 da dare, aka ƙara zuwa 10 bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ta ce mu lura da tashin zuciya, gudawa, ko jiri, domin yana iya rage bugun zuciya. Ta gyara maganin hawan jini. Ta kuma yi mana kashedi da babbar murya kan zuwa kemis a sayo maganin barci irin su diyazefam, domin yana ƙara ruɗewa yana kuma kayar da tsoho, karayar ƙugu kuwa ta kwantar da tsofaffi da yawa kwanciyar da ba su tashi ba.

Sannan ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi: "Wa ke kwana da ita?" Na ce matata. Ta ce zuwa na gaba in zo da ita.

Tsakanin nan na shiga neman inda za a samu tallafi. Na fara da inshorar lafiya ta wurin aiki. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa sai an yi mata rajista daban an biya daban, da hotonta da lambar NIN. Na yi, kuma ya rage mana kuɗin ganin likita da maganin hawan jini, amma maganin mantuwar yawanci a waje muke saye, kuma bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar naira, kusan duk wata sai farashinsa ya motsa. Babu inshorar da ta biya mai kwana da mara lafiya a gida. A cikin asibitin akwai ofishin walwalar marasa lafiya, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Sun fi taimakawa wajen rangwame ga wanda ba shi da hali, kuma sun saurare ni da kyau. Na leƙa wani ofishin jin daɗin jama'a na gwamnati, aka karɓe ni da fara'a, aka rubuta sunanmu a littafi, labarin ke nan. A takarda akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda aka sa hannu kan dokarta a 2018, akwai kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Amma mai neman wanda zai zo gida ya kama mashi wanka da dare ya sa a ransa cewa shi zai nemo, shi zai biya.

Banki ma wani babi ne. Inna na da asusun da 'ya'yanta ke turo mata kuɗi, ta manta lambar katin, kuma banki ba zai yi hulɗa da kai don kawai kai ɗanta ne ba. Sai da muka kai ta da ƙafarta, aka duba BVN, ta dangwala yatsa, aka cike takardar ƙara mai sa hannu. Mun ci sa'a a lokacin tana iya fahimtar abin da ake tambayarta ta kuma amsa. Wanda ya bari sai hankali ya gushe gaba ɗaya, sai ya haɗa da rahoton likita da kotu kafin a naɗa wakili. A wannan makon muka tattara takardun gida da na gona da gwala-gwalanta, aka rubuta komai a gaban 'ya'yanta duka da ƙaninta, kowa ya sa hannu. Ba rabon gado ba ne, rufe ƙofar zargi ne, domin mai wannan ciwo na iya kyautar da sarƙa ga mai tallan goro yau, gobe ta ce an sace.

Wajen ƙarshen daminar 2023 ta ɓace. Bayan la'asar ne, lokacin da dama hankalinta ke tashi tana cewa za ta tafi gida, iyayenta na jira, alhali iyayen sun rasu tun ina yaro. Matata ta shiga wanka, yara suna islamiyya, ƙofa a buɗe. Muka rarrabu. Ɗaya ya tafi wurin mai unguwa, ɗaya ya bi masallatai ana cigiya a lasifika bayan magariba, na kai rahoto ofishin 'yan sanda, na kuma kai cigiya gidan rediyo, aka tura hotonta ga 'yan kurkura da 'yan acaɓa ta WhatsApp. Abin da ke cin raina a daren nan ba mota ba ce, mutane ne: tsohuwa mai sambatu, a unguwar da ba a san ta ba, tana kama hannun yaron wani tana cewa nata ne, ba wuya a kira ta mayya ko ɓarauniyar yara. Allah ya kiyaye, wasu mata suka tsince ta can wajen Ƙofar Sauri, ta kama hanyar garinsu, suka zaunar da ita suka ba ta ruwa har cigiya ta kai gare su. Washegari muka ɗinka lambar waya a cikin kowane hijabi da mayafinta, muka sa sakata can sama inda ido ba ya kaiwa, muka rataya ƙararrawa a ƙofar zaure. Sharaɗin babban wanmu na ɓoyewa ma ya faɗi da kansa. Na bi maƙwabta da mai shago da mai shayi na bakin layi na faɗa masu abin da ke damunta, kuma tun daga lokacin an sha dawo mana da ita kafin ta kai kwanar layi.

Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, tsakiyar zafin Katsina. Inna ta dage sai ta yi, wa zai hana ta abin da ta saba tun tana budurwa. Ana cikin goman ƙarshe sai ta canza cikin dare ɗaya: ba ta gane kowa, tana ganin mutane a bango, tana fizge-fizge, da rana kuma barci kamar ba rai. Wasu suka ce ciwon ne ya kai ƙarshe. Likita ta riga ta gaya mana cewa ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, duk canjin da ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu wani ciwo ne ya hau kai, a garzaya asibiti. Muka shiga ta sashen gaggawa. Ƙarancin ruwa ne a jiki da ciwon mafitsara. Aka kwantar da ita, aka sa ruwa da allurai, cikin mako ta dawo kusa da yadda take, ko da yake ba ta koma daidai ba. Kwanciyar asibiti ga mai wannan lalura azaba ce, ba ta san inda take ba, tana cire robar ruwa, dole wani ya riƙe hannun dare da rana, kuma wanki da wanka da ciyarwa duk na mai jinya ne. Bayan an sallame mu na koma wurin liman. Ya kawo hadisin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba azumi a kansa, ba ciyarwa, sallar da ta yi a karɓa yadda ta zo, kada a tsaya gyara mata raka'a. Zakkar dukiyarta ce kawai wakilinta zai ci gaba da fitarwa. Azumin da ya biyo baya ta yi sahur da mu, da hantsi ta nemi koko aka ba ta, da magariba ta sha ruwa da kowa tana murna ta kai.

A wannan kwanciyar ce aka auna matata aka ga jininta ya fi na Inna hawa. Ta rame, ta daina zuwa biki da suna, ta daina saƙar da take samun na kashewa, rabonta da cikakken barci ta manta. Likita ta zauna da ita su biyu, ta fito da jajayen idanu, likita kuma ta ce mani kai tsaye, "Malam, kana da marasa lafiya biyu a gida, ɗaya ce kawai ke da fayil." A al'adarmu ana yaba wa mai jinya, ana cewa aljanna take nema, sannan a sa takalmi a tafi. Kuma a shari'a ma jinyar uwa a kan 'ya'yanta take, abin da suruka ta yi kyautatawa ce. 'Yan'uwana na Abuja da Kaduna kan bugo waya, Inna ta gaishe su lafiya lau, su ce ai da sauƙi. Ban yi gardama da kowa ba. Da suka zo hutun Babbar Sallah na shimfiɗa wa kowannensu tabarma a ƙofar ɗakinta, aka kwana bi da bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Kafin a gama cin naman layya aka zauna taro, kawunmu ya shugabanta, aka fito da tsari a rubuce: nawa kowa zai turo duk wata da ranar turowa, wace 'ya ce za ta zo kwana a wane dare, wa ke da kai ta asibiti, wa ke riƙe da littafin kashe kuɗi. Wanda ke nesa kuɗinsa ya fi yawa. Duk rasit ana ɗora hotonsa a zauren WhatsApp na gida.

Neman mai taimako ya ɗauki lokaci. Yarinya ƙarama ba za ta iya ba, kuma zalunci ne a ɗora mata. Ta farko da aka kawo ta tafi bayan Inna ta zage ta ta ce ta sace mata zane. Wadda ta zauna wata bazawara ce mai hankali, 'yar wajen Batsari da rashin tsaro ya koro cikin gari. Mun fara da naira dubu 35 a wata da ci da sha da sabulu, aka ƙara daga baya, tana da hutun yini ɗaya a mako da ba a taɓawa. Tun ranar farko muka gaya mata za a zarge ta da sata, za a kira ta da sunan wata, kuma mu mun san gaskiya. Matata ta yi mako biyu tana nuna mata aiki: a tunkare ta ta gaba, a kira ta Inna, a yi magana gajera, kada a ce "kin tuna?", kada a yi musu. In ta ce za ta tafi gida, a ce to bari a sha fura tukuna. In ta tambayi Malam, mahaifinmu, ba a sake sanar da ita rasuwarsa ta yi sabon kuka, sai a ja ta da hirarsa. Wanka da hantsi da ruwan ɗumi, a rufe ta da zane ana yi, mace ce ke yi. Fo a gefen gado, fitila a kunne duk dare, makintosh a kan katifa, famfas na manya da dare kawai saboda tsada da zafi. Shayi ba ya wuce la'asar. Da rana a ba ta abin yi, ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, ko da za a sake tsincewa a ɓoye. Ƙananan surori har yanzu tana biye wa mai karatu a rediyo ba tuntuɓe. Akwai kuma wata ma'aikaciyar lafiya a layinmu, wadda ta gama makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, da ke zuwa duk mako ta auna jini ta duba fata saboda gyambon kwanciya, muna ba ta ɗan ihsani.

Masu jinya irinmu a bencin asibiti muka same su. Ana jiran kira, wani ya ji kana maimaita wa tsohuwa amsa ɗaya sau da yawa, ya matso ya ce nasa mahaifin ma haka yake. Da haka aka yi musayar lamba har aka buɗe ɗan zaure a waya. A nan ake jin wane kemis ne ya kawo magani na gaske, wa ke da keken guragu da ya gama amfani da shi, wace dabara ce ta sa wani tsoho ya yarda ya haɗiye ƙwaya. Matata ta fi ni amfana, domin a nan take iya cewa ta gaji ba a ce mata ta ji tsoron Allah ba.

Yanzu Inna ta daina kiran sunan kowa, ni takan ɗauke ni ƙaninta ne, ina kuma amsawa. Ta fara ƙwarewa in tana shan ruwa, don haka an koma kunu mai kauri da tuwo mai laushi, a zaune tsaf, cokali ɗaya bayan ɗaya. Likita ta ƙara mata wani maganin mantuwa, memantin, ta ce zuwa gaba za a duba ko magungunan na da sauran amfani. Babban wanmu ya kawo shawarar a mayar da ita Abuja wurinsa, akwai wuta akwai manyan asibitoci. Likita ta ce sauya wa mai wannan ciwo ɗaki da fuskoki yakan ƙara ruɗa shi, matata da yayata suna ganin in dai hutu ake son ba mu, ya turo matarsa ko ya zo da kansa ya yi wata guda a nan. Kawu ya ce a bar maganar sai an haɗu da Sallah.